Fashin Baƙi Kan U5, Tsatson Uwa Da Ya Tsira Daga Zamanin Ƙanƙara

Mece ce ma'anar sakamakon gwajin asali da zai ce wa mutum tsatsonsa na wajen uwa U5 ne, sa'annan ya ƙara masa da cewa ya fito daga mafarautan da suka rayu a Turai tun zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya? Wannan tambaya ta fara yawo ne tun lokacin da kamfanonin gwajin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki, suka soma sayar da 'yar kwalbar da mutum zai tofa yawu a ciki ya aika musu, ta kuma ƙara ƙarfi a shekarar 2022, sa'ad da aka ba Svante Pääbo lambar yabo ta Nobel saboda aikinsa na karanta ƙwayoyin gadon mutanen da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Mutane da yawa suna karɓar irin wannan sakamako kamar takardar shaidar ƙabila. Wani Bature zai ɗauka an tabbatar masa cewa shi ne ɗan ƙasa na asali, maƙwabtansa kuwa baƙi ne. Wani ɗan Afirka da ya ga harafin U a takardarsa zai shiga ruɗani, ko ya fara zargin cewa an ɓoye masa wani abu a tarihin gidansu. Dukansu biyun sun ɗora wa sakamakon kayan da ba zai iya ɗauka ba, duk da cewa labarin da ke bayansa na gaskiya ne.

Gadon da uwa kaɗai ke bayarwa

Mafi yawan ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna cikin cibiyar ƙwayar halitta ne, kuma a nan ne ake samun haruffan DNA kimanin biliyan 3, waɗanda mutum yake gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, suna cakuɗuwa a kowace haihuwa. Amma a wajen cibiyar akwai wasu ƙananan halittu da ake kira mitokondiriya, waɗanda aikinsu shi ne juya abincin da aka ci ya zama ƙarfin da jiki ke aiki da shi, kuma suna da nasu ɗan guntun DNA na daban. Guntun gajere ne ƙwarai, haruffa 16,569 kacal masu ɗauke da ƙwayoyin gado 37, kuma an gama karanta shi tun shekarar 1981 a birnin Cambridge na Ingila.

Abin da ya sa masana tarihin ɗan'adam suka ƙwallafa rai a kan wannan ɗan guntu shi ne yadda ake gadonsa. Ƙwan mace yana ɗauke da kwafinsa fiye da 100,000, maniyyi kuwa 'yan kaɗan yake zuwa da su, waɗanda su ma ake rushe su bayan shigar ciki. Saboda haka kowane mutum, namiji ko mace, daga mahaifiyarsa kaɗai yake samun mitokondiriya, kuma mace ce kaɗai take iya miƙa shi gaba.

A ɗauki misalin wata tsohuwa da ta haifi 'ya'ya biyar, maza huɗu da mace ɗaya. Dukkan biyar ɗin suna ɗauke da mitokondiriyarta. To amma jikokin da 'ya'yanta maza suka haifa mata, ko da sun cika gida sun kai talatin, babu ɗaya daga cikinsu da ya gaji wannan guntu daga gare ta, domin kowannensu na mahaifiyarsa ya ɗauka. Ta hanyar 'yar nan tata guda ɗaya kawai zaren zai wuce, idan kuwa ita ma maza zalla ta haifa, to a nan zaren ya tsinke, alhali zuriyar tsohuwar tana nan cike da gari. Wannan ya saɓa wa yadda muka saba lissafin asali, inda ake cewa wane ɗan wane jikan wane, ana bin sunayen maza. Da wuya a sami wanda zai iya faɗin sunan mahaifiyar kakarsa ta wajen uwa, balle wadda ta haifi wannan. Layin da salsala ta fi saurin mantawa shi ne wanda mitokondiriya ya adana.

Da wannan hanya ce aka tabbatar da ƙwarangwal ɗin Sarki Richard na Uku na Ingila, wanda ya mutu a yaƙi a 1485, aka kuma tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a Leicester a 2012. An bi zuriyar yayarsa, daga mace zuwa mace har fiye da shekara 500, aka sami masu rai da mitokondiriyarsu ya dace da na ƙasusuwan.

Yadda rassan suka rabu

Tunda guntun ba ya cakuɗuwa da na uba, abu ɗaya ne ke canza shi, wato kuskuren kwafi, inda wani harafi yake sauyawa da wani. Hakan ba ya faruwa da yawa. A ƙiyasin da aka fi amfani da shi, sauyi ɗaya ne ke zaunawa a layi guda cikin shekara dubu uku zuwa huɗu. Duk macen da irin wannan sauyi ya fara bayyana a jikinta, 'ya'yanta mata za su ɗauke shi su wuce da shi, ya zama tamkar tsagar gado da ba a iya gogewa. Masana suna tara mutanen da suke da sauye-sauye iri ɗaya a rukuni guda, su ba shi harafi da lamba.

A 1987 Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka kwatanta mitokondiriyar mutum 147 daga sassan duniya, suka nuna cewa dukkan rassan suna komawa ga mace guda da ta rayu a Afirka, a ƙiyasin yau tsakanin shekara 150,000 zuwa 200,000 da suka wuce. An yi mata laƙabi da Hauwa'u, laƙabin da ya jawo ruɗani mai yawa, musamman ga masu addini. Binciken bai ce ita ce mace ta farko ba, bai kuma ce ita kaɗai ce a zamaninta ba. Akwai mata da yawa tare da ita, sai dai layukansu na mace zuwa mace sun tsinke a hanya, kamar yadda na tsohuwar misalinmu zai iya tsinkewa.

Rassa mafi tsufa da mafi yawan bambanci suna Afirka, kuma su ne ake yi wa alama da harafin L. Daga reshen L3, wanda ya ɓulla kimanin shekara 70,000 da suka wuce, aka sami M da N, waɗanda kusan duk mutanen da ke wajen Afirka suka fito daga gare su. N ya haifi R, R ya haifi U, U kuma ya rarrabu gida-gida: U2 da U4 da U5 da U6 da sauransu. U5 shi ne reshen da ya fi kowanne daɗewa da kafuwa a Turai a cikin waɗanda har yanzu suke da yawan masu ɗauke da su, kuma ana ƙiyasta shekarunsa da kimanin 30,000 ko sama da haka. Daga baya ya rabu biyu, U5a da ya fi yawa a gabashi da arewa, da U5b da ya fi yawa a yamma.

Su wane ne waɗannan mafarauta

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun U5 yana Dolní Věstonice ne, a Jamhuriyar Cek ta yanzu, inda a 1986 aka tono kabari guda mai samari uku da aka binne kafaɗa da kafaɗa kimanin shekara 31,000 da suka wuce, an barbaɗa musu jar ƙasa a kai. Mutanen wurin mafarautan wata irin giwa ce mai gashi da ta daɗe da ƙarewa. Biyu daga cikin ukun U5 gare su.

Bayan zamaninsu ne sanyi ya kai maƙura, tsakanin shekara 26,000 zuwa 19,000 da suka wuce. Ƙanƙara ta rufe dukkan yankin Norwe da Suwidin da Finlan da mafi yawan Birtaniya, tsayin ruwan teku ya sauka da kusan mita 120 saboda ya daskare a kan tudu, har ana iya takawa da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila. Mutane suka janye kudu, zuwa Sifaniya da kudancin Faransa da Italiya da yankin Balkan, yawansu ya ragu ainun, rassan mitokondiriya da dama suka ɓace. Alal misali, an sami reshen M a ƙasusuwan kogon Goyet na Beljiyam daga kafin wannan sanyi, amma bayansa ba a sake ganinsa a tsakanin mafarautan Turai ba. U5 na cikin 'yan kaɗan da suka fita da rai, kuma da ɗumi ya dawo kimanin shekara 14,500 da suka wuce, masu ɗauke da shi ne suka bi dabbobin farauta suka sake cika arewa. A Oberkassel kusa da Bonn a Jamus, ma'aikatan fasa dutse sun gano a 1914 kabarin wani mutum da wata mata da aka binne tare da kare kimanin shekara 14,000 da suka wuce, kuma mutanen biyu 'yan U5b ne.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne ƙwarangwal ɗin da aka samu a 1903 a kogon Gough da ke kwarin Cheddar a kudu maso yammacin Ingila, na wani saurayi da ya mutu yana da shekara ashirin da 'yan kai, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Masu binciken gidan tarihin halittu na Landan sun huda ɗan rami mai faɗin milimita 2 a ƙoƙon kansa, suka ɗebo garin ƙashin da ke kewaye da cikin kunne, domin wannan ƙashi shi ne mafi tauri a jiki kuma ya fi kowanne riƙe DNA. Sakamakon da suka bayyana a watan Fabrairun 2018 ya nuna cewa mitokondiriyarsa U5b1 ne, cikinsa ba ya narkar da madara bayan yaye, idanunsa masu haske ne, shuɗi ko kore-kore, gashinsa baƙi, fatarsa kuwa mai duhu ce. Wasu masana sun ja hankali cewa ba a iya auna ainihin duhun fata daga tsohon DNA daidai wa daida, kuma wannan gyara ne mai kyau. Sai dai irin wannan haɗi na fata mai duhu da ido mai haske an riga an gan shi a mutumin La Braña na Sifaniya da na Loschbour na Lukzambur, waɗanda dukansu 'yan U5b ne. Wanda duk yake so ya riƙe U5 a matsayin hujjar tsantsar farar fata, to ya san cewa waɗanda ya gada daga gare su ba su yi kama da shi ba.

Zuwan manoma da makiyaya

A 2009 wata tawaga a Jami'ar Mainz ta Jamus, ƙarƙashin Barbara Bramanti da Joachim Burger, ta kwatanta ƙasusuwan mafarautan tsakiyar Turai da na manoman farko, ta gano cewa kashi 82 cikin ɗari na mafarautan suna ɗauke da nau'o'in U4 da U5, waɗanda ba su da yawa a yankin a yau. Manoman kuwa wasu rassa ne dabam gare su. Wannan ya taimaka wajen warware tsohuwar gardamar ko mafarautan ne suka koyi noma ko kuwa baƙi ne suka zo da shi. Baƙi ne, daga Anatoliya, wato Turkiyya ta yanzu, waɗanda suka tsallaka Girka kimanin shekara 8,500 da suka wuce da alkama da sha'ir da shanu da tumaki, suka isa tsakiyar Turai shekara dubu bayan haka. Noma yana ciyar da mutane da yawa a fili kaɗan, saboda haka suka rinjayi mafarautan da yawan haihuwa.

Amma mafarautan ba su ɓace dare ɗaya ba, kuma kogon Blätterhöhle da ke kusa da garin Hagen a Jamus ya nuna hakan fiye da ko'ina. Kimanin shekara 2,000 bayan isowar noma yankin, al'umma biyu suna binne matattunsu a wannan kogo ɗaya. Sinadaran ƙasusuwansu sun nuna cewa ɓangare ɗaya nama da amfanin gona suke ci, ɗaya ɓangaren kuwa kifin ruwan daɗi ne abincinsu. Masu cin kifin duk 'yan reshen U ne irin na mafarauta, ba a sami reshen manoma ko ɗaya a cikinsu ba, alhali a cikin manoman akwai masu U5. Fassarar da masu binciken suka bayar ita ce, 'yan matan masunta da mafarauta suna auren manoma su tare a gidajensu, amma 'yan matan manoma ba sa auren mafarauta. Duk wanda ya san yadda aure ke tafiya tsakanin ƙauyen manoma da zangon masu yawo ba zai yi mamakin wannan ba. Ta irin waɗannan amare ne U5 ya shiga cikin manoma ya zauna.

Kimanin shekara 5,000 da suka wuce sai ga wani ayarin daga filayen ciyawa na arewacin Baƙin Teku, makiyayan da masana ke kira Yamnaya, waɗanda kusan rabin asalinsu daga mafarautan gabashin Turai yake. Zuriyarsu ta bazu yamma, ta ƙara yawan U5a da U4 a wuraren da suka yi ƙaranci. Wannan yana nufin cewa Baturen da ke ɗauke da U5 a yau ba lallai ne kakarsa ta kasance cikin mafarautan ƙasar da yake zaune ba. Tana iya zama cikin waɗanda suka zo daga baya da keken shanu. A yau kusan mutum ɗaya cikin goma a Turai yana da U5, reshen H kuwa ya haura kashi 40 cikin ɗari.

Dalilin da ya sa aka danganta shi da arewa

Sunan da U5 ya yi na tsatson arewa ya samo asali ne daga al'ummar Sami, mazauna can ƙuryar arewacin Norwe da Suwidin da Finlan da yankin Kola na Rasha, waɗanda aka fi sani da kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho da ke jure ƙanƙara. Kusan rabinsu suna ɗauke da wani ƙaramin reshe da ake kira U5b1b1, mafi yawan sauran kuma reshen V, ta yadda rassa biyu kacal suka kwashe kusan kashi 90 cikin ɗari na layukan uwa a cikinsu. A Finlan ma U5 ya kai kusan kashi 20.

A nan ne ake yawan yin kuskuren cewa 'yan Sami su ne ragowar mafarautan zamanin ƙanƙara da suka zauna a yadda suke ba su gauraya da kowa ba. Yawan reshe ɗaya a cikin ƙaramar al'umma ya fi nuna cewa mata kaɗan ne suka kafa ta, ko kuma ta taɓa raguwa ƙwarai sa'annan ta sake yaɗuwa, kamar dai ƙauyen da iyalai uku suka sara, wanda bayan shekara ɗari biyu za a tarar kowa dangin kowa ne. Idan aka dubi sauran DNA ɗinsu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga Saiberiya yake, asalin da ya fara bayyana a yankin kimanin shekara 3,500 da suka wuce, harshensu kuma ɗan gidan harsunan Ural ne, dangin Finlanci da Hungariyanci. Layin uwa ya nuna yamma, harshe da wani ɓangare na layin uba sun nuna gabas, kuma duk mutane ɗaya ne.

'Yan Sami suna da dalilin yin taka-tsantsan da masu zuwa auna su. A 1922 gwamnatin Suwidin ta kafa cibiyar nazarin jinsi a Uppsala ƙarƙashin Herman Lundborg, wadda ta riƙa auna kawunansu tana ɗaukar hotunansu tsirara domin ta nuna cewa su ƙasƙantaccen jinsi ne, an kuma tone kaburburansu an kwashe ƙasusuwa zuwa gidajen tarihi. Sai a watan Agustan 2019 aka mayar da ƙoƙunan kai 25 aka sake binne su a garin Lycksele.

Yadda ya tsallako Sahara

A 2005 Alessandro Achilli da abokan aikinsa a Jami'ar Pavia ta Italiya suka wallafa sakamakon da ya ba kowa mamaki: reshen U5b1b, wanda na 'yan Sami ya tsiro daga gare shi, yana nan a cikin Amazig na arewacin Afirka, waɗanda aka fi sani da Barbar, kuma kakar da ta haɗa su ba ta wuce kimanin shekara 9,000 ba. A cikin samfuran da suka jera akwai na wani ɗan ƙabilar Yakut daga Saiberiya da na wani Bafulatani daga Senegal, kuma bambancin da ke tsakanin su biyun 'yan haruffa ne kaɗan. Shekara ɗaya bayan haka, binciken Viktor Černý a kan Fulani makiyaya na Cadi da Kamaru da Burkina Faso ya sami kusan kashi 8 cikin ɗari na layukan uwa daga rassan yammacin Yureshiya, wato Turai da yammacin Asiya, ciki har da U5 da V, yayin da kusan kashi 80 suke na Afirka ta Yamma.

Bayanin da aka fi karɓa shi ne cewa wasu mata masu wannan reshe sun tsallaka daga Sifaniya zuwa gaɓar Maroko da Aljeriya, zuriyarsu ta narke cikin mutanen arewacin Afirka, daga can kuma wani ɗan kaso ya gangaro kudu. Hanyar a buɗe take a lokacin, domin tsakanin kimanin shekara 14,500 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna, kuma zane-zanen duwatsun Tassili na Aljeriya suna nuna garkunan shanu a inda yanzu babu komai sai rairayi da duwatsu. Ya kamata a bambanta wannan da reshen U6, ɗan'uwan U5, wanda ya daɗe a arewacin Afirka fiye da haka nesa, domin an same shi a ƙasusuwan kogon Taforalt na Maroko masu shekara 15,000.

Bafulatanin da gwaji ya ba shi U5 bai zama Bature ba, kamar yadda ɗan Sami bai zama Ba'amazige ba. Mafi yawan masu magana da harsunan Cadi, gidan da Hausa take ciki, rassan L ne gare su ta wajen uwa, har akwai wani reshe mai suna L3f3 da aka fi samu a tsakaninsu a kewayen Tafkin Cadi. Ta wajen uba kuwa, kaso mai yawa na mazansu suna ɗauke da reshen R1b-V88, wanda aka samu tsofaffin danginsa a ƙasusuwan Turai ta dā. Wato a gida ɗaya layin uwa da layin uba suna iya ba da labari biyu da ba su haɗa hanya ba.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko a kan mafakar da U5 ya fake ne lokacin tsananin sanyi. Masu nazarin DNA na mutanen yau sun daɗe suna nuna yankin da ke tsakanin kudancin Faransa da arewacin Sifaniya. Masu nazarin tsofaffin ƙasusuwa kuwa, musamman babban aikin da Cosimo Posth ya jagoranta a 2023 a kan mafarauta 356, sun nuna cewa asalin da ya mamaye tsakiya da yammacin Turai bayan shekara 14,000 da suka wuce ya fi alaƙa da mutanen Italiya, waɗanda su kuma ake ganin daga yankin Balkan suka shigo. A ganina hujjar ƙasusuwa ta fi nauyi, domin taswirar mutanen yau ta sha shafewa da sake zanawa sau da yawa.

Na biyu shi ne ko sanyi ne ya zaɓi waɗannan rassa. Douglas Wallace da wasu sun kawo ra'ayin cewa wasu nau'o'in mitokondiriya suna fitar da zafi fiye da wasu, abin da zai amfani mazauna ƙanƙara. Wasu masana da suka sake auna bayanan sun ga cewa ƙarancin jama'a da sa'ar wadda ta haifi 'ya'ya mata sun isa su bayyana yadda rassan suka rarrabu. Saboda haka maganar da ake yaɗawa cewa mai U5 ya fi jure sanyi ko ya fi dacewa da cin nama ba abin dogaro ba ce, kuma likita ba ya rubuta magani bisa harafin rukuni. Cututtukan mitokondiriya na gaske suna nan, kamar wanda ke kashe jijiyar gani a ƙuruciya, amma wasu sauye-sauye na musamman ne ke jawo su, kuma gwajin asibiti ne ke gano su.

Abin da ya shafi mai yin gwajin

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna iyakar sakamakon. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. Idan aka koma baya hawa goma, wato kimanin shekara 300, guraben kakanninsa sun kai 1,024. Mitokondiriya labarin mace ɗaya yake bayarwa a cikinsu, sauran 1,023 ba su da bakin magana. Mutum zai iya ɗaukar U5 alhali kusan babu abin da ya rage na mafarautan Turai a sauran jikinsa, wani kuma ya ɗauki H alhali gadon mafarauta ya fi yawa a gare shi. Mutanen Birtaniya na yau, masu U5 da marasa shi, kimanin kashi 10 cikin ɗari na asalinsu ne ya fito daga dangin saurayin Cheddar.

Inda gwajin yake da amfani sosai shi ne wajen kore zato. Idan mutum biyu suna da'awar cewa kakarsu ta wajen uwa ɗaya ce ta layin mata zalla, sai aka ga rukuninsu ya bambanta, to da'awar ta faɗi. Idan kuwa ya dace, hakan bai nuna kusanci ba, domin kakar da ta haɗa su tana iya kasancewa ta rayu shekara ɗari biyu da suka wuce ko shekara dubu biyar. Ga 'yan Afirka akwai ƙarin matsala, domin rumbunan bayanan kamfanonin sun fi cika da samfuran Turawa, shi ya sa ake iya rarraba U5 zuwa ƙananan rassa masu yawa, a bar mai L2 ko L3 da bayani dunƙule, alhali rassan Afirka sun fi tsufa da yawan bambanci.

Sa'annan akwai batun sirri, wanda masu sha'awar gwajin ba su cika tunawa da shi ba. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9 na abokan cinikin kamfanin 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardun karyewar arziki, abin da ya tayar da tambayar hannun wa bayanan za su faɗa. Lambar sirri ana iya canza ta, amma DNA ba a canza shi. Kuma tunda guntun nan iri ɗaya ne a duk layin, wanda ya tofa yawunsa a kwalba ya aika, ya aika har da na mahaifiyarsa, da na 'yan'uwansa da suka fito ciki ɗaya, da na innoninsa da kawunnansa na wajen uwa, da na 'ya'yan da 'yan'uwansa mata za su haifa nan gaba, ba tare da ya nemi izinin ko ɗaya daga cikinsu ba.